Madam Kalli-Bakina

In ka sauka a tashar Dapango ka ce wa ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, ya kai ka wurin Salamata Abdulƙadiri, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Amma ce masa Madam Kalli-Bakina, kafin ka gyara zama ya tayar da babur. Da yawansu ita ta koya musu Ingilishi, waɗanda ba ta koyar ba kuwa sun sha jin muryarta ta bayan katanga, don Salamata ba ta iya magana a hankali ba. Ba laifinta ba ne, kurma ce, ba ta jin abin da ke fita daga bakinta. Eh, kurma, kuma malamar Ingilishi. Abin da ta fi ƙwarewa a kai ma shi ne raba kalmomin nan masu kama da juna a kunne, waɗanda masu lafiyayyun kunnuwa ke ta cakuɗawa. Sau biyu aka tashi ƙwace mata aji saboda kunnen nan, kuma sau biyun ta ƙi.

A Sokode aka haife ta, a unguwar Didawure, gidan Alfa Abdulƙadiri mai makarantar allo. Wanda bai taɓa shiga zauren nan da hantsi ba bai san hayaniya ba. Yaran unguwa cike da shi maƙil, kowa na karanta allonsa da iya ƙarfinsa, har mai kokon ƙofar gida sai ta ɗaga murya kafin mai saye ya ji ta. A cikin wannan ruguntsumi sai ka ga Alfa ya miƙa yatsa can ƙuryar zaure.

"Kai Jibril, sadi ne ba sin ba! Cika bakinka!"

Mutanen unguwa suka ce asiri ne, ko kuma aljanu ne ke kai masa rahoto, in ba haka ba wane kunne zai tsinto harafi ɗaya a cikin wannan kasuwa? Salamata tana ƙarama, kullum tana gefensa tana feƙe masa alƙalami, rannan ta kasa haƙuri ta tambaye shi. Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

"Babu wani asiri, 'yar nan. Ni ma ba na jin su. Gani nake yi. Kowane harafi yana da ɗakinsa a cikin baki, in harshe ya shiga ɗakin da ba nasa ba, leɓe zai tona shi. Ke dai kalli bakina."

Ta kalla kuwa. Shekara da shekaru tana kallo, har ita ma ta fara nuna yara da yatsa, suna hararar ta.

Da aka sa ta lekol, wato makarantar boko, Faransanci ya shige ta da bulala kamar kowa. Ingilishi kuwa sai da ta shiga koleji ta gamu da shi, kuma ranar farko ta ga abin da ya ba ta mamaki. Malami ya rubuta *three* da *tree* a allo, ɗaya uku ɗaya bishiya, ya faɗa, aji ya maimaita, duka biyun suka fito iri ɗaya sak. Malam ya sake faɗa, aka sake cakuɗawa. Salamata ba ta saurare shi ba, bakinsa ta zuba wa ido. Sai ga kan harshensa ya leƙo tsakanin haƙora a ta farko, ya koma ciki a ta biyu. Ashe ɗakin harafin nan ne mai ɗigo uku da Baba ke ta fama da yara a kansa! Ta ɗaga hannu ta faɗe su daidai, tun daga ranar Ingilishi ya zama nata.

Da ta ce Ingilishin za ta je ta karanta a jami'a a Kara, sai da unguwa ta ɗauka. Gwaggonni suka ce ga aikin jinya, ga na ofis, me za a yi da yaren da ko gwamnatin ƙasar ba ta magana da shi? Wasu alfanun maƙwabta suka zo har zaure suka ce kaito, an gyara wa yarinya baki don karatun Alƙur'ani, ta kwashe gyaran ta kai wa Nasara. Alfa ya bar su suka gama, sannan ya ce, "Bakin nata ne. Karatunta bai ragu ba, ku zo da asuba ku saurara in kuna so." Ba wanda ya zo.

Aiki ya kai ta Dapango, can arewa kusa da iyakar Burkina, a wata makaranta mai zaman kanta. Mai makarantar, Mesiye Mahama, tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya ya zuba duk abin da ya tara a ginin nan, kowa na kiransa Fondatar. A gaskiya ba mugu ba ne. Matsoraci ne kawai. Yana tsoron sufeton ilimi, yana tsoron iyayen yara, in hadari ya haɗu ma sai ya fito yana leƙen kwanon rufi. A garin ne Salamata ta auri Latif, tela ɗan unguwar Kpangalam ta can Sokode, mai shago kusa da babbar kasuwa, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Suka haifi 'ya, aka sa mata Khairiya.

Koyarwarta ta zauren Baba ce, ba ta canza komai ba. Kalmomi biyu-biyu take kawowa. Ga *ship*, jirgin ruwa, ga *sheep*, tunkiya, ta ce duk wanda bai ja leɓensa baya ba a ta biyun, to jirgi zai yanka da Babbar Sallah. Ga *pan* ga *fan*, waɗanda yaran Zongo ba su taɓa yarda abu biyu ba ne. Ga kuma *eat* da *heat*, ci da zafi, inda Faransanci ya riga ya cinye wa yara numfashin farkon kalma. Wannan ba a ganin sa a leɓe, don haka ta sa kowane yaro ya zo da ɗan ɓarin auduga ya ɗora a tafin hannu gaban bakinsa. In audugar ta tashi, zafi ka ce. In ta zauna, ci ka ce, sake. Duk wanda ya share ajinta da yamma sai ya tara auduga.

Sai zafin wata shekara ya zo da sanƙarau. Khairiya na goye, ba ta fara magana ba, sai gwalan-gwalan na jarirai. Salamata ta taso daga makaranta da ciwon kai, washegari wuya ya ƙage, daga nan ba ta san inda take ba. Da ta farfaɗo a asibiti sai ta ga Latif a kanta bakinsa na motsi, ta ɗauka addu'a yake yi a zuci. Can wata ma'aikaciya ta saki farantin ƙarfe, Salamata ta ga ya faɗi, ta ga ya yi tsalle, ta ga kowa ya zabura. Ita ba ta ji komai ba. Likita ya ce kunnen dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu kuwa abin da ya rage masa bai wuce rugugin manyan motocin da ke wucewa Burkina ba.

Latif ya kai ta gida Sokode ta yi jinya. Jiki ya warke, amma Salamata ta ɗinke bakinta, ko sannu ba ta amsawa. Ba baƙin ciki kaɗai ba ne, haushi ne, haushin kowa da komai. Mata su shigo dubiya su tsaya a kanta suna wage baki suna yi mata nuni da hannu kamar wata jaririya, ita kuwa tana karanta bakinsu sarai lokacin da suka juya suna ce wa juna, "Allah sarki, ta gama aiki." Abin da ya fi ci mata rai shi ne Khairiya. A gidan ne yarinyar ta fara cewa Mama, kowa ya ji sai uwar.

Alfa bai lallashe ta ba, bai kuma yi mata wa'azi ba. Wata safiya kawai ya shigo ya kama hannunta, ya ja ta har zaure, ya zaunar da ita inda take zama tana yarinya. Zauren da ta sani da hayaniya yau shiru, sai bakuna ke ta motsi. Ta sunkuyar da kai. Ya ɗago haɓarta da yatsa ya sa ta kalle shi, ya yi magana a hankali.

"Idona ya fara rauni. Duba min, wa ke ɓata karatu?"

Ta so ta tashi. Amma ido ba ya neman izini, tuni ya faɗa kan wani ɗan dogon yaro a jikin bango da ke karanta zal kamar zaira, harshensa a ɓoye bayan haƙora. Ta kau da kai, ta sake dubawa, yaron bai fasa ba. Ta kasa jurewa.

"Kai mai jar hula! Fito da harshenka!"

Zaure duka ya daskare, har mai koko ta leƙo, don muryar ta fita da ƙarfin da Salamata ba ta sani ba. Alfa ya toshe kunnensa ɗaya yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Sati bai zagayo ba ta ce wa Latif ya zo ya ɗauke ta, yara na jiran ta.

Fondatar ya tarbe ta da fara'a, ya ba ta kujera, ya yi mata sannu har ta gaji. Sannan ya fara murza hannu. Ya ce ya yi tunani, ɗakin littattafai na bukatar mutum mai hankali, wuri ne shiru, ba wahala, albashinta ba zai taɓu ba. Iyaye ne, in ji shi, iyaye za su yi magana.

"Fondatar," ta ce, har gilashin taga ya amsa, "kunnena ne ya mutu, ni ina nan. Ajina nake so."

"Madam, yaya za ki san yaro ya faɗa daidai?"

"Yadda na san yanzu ka ce *yaro ya faɗa daidai*. Ko ka ga na tambaye ka ka sake?"

Ya sake murza hannu. Kuma da yake yana tsoron rigima fiye da yadda yake tsoron iyaye, ya ce to, ta gwada zuwa ƙarshen shekara.

Ta koma aji ta kafa dokokinta. Aka jera tebura kamar rabin wata don ta ga kowace fuska. Ba a rufe baki da hannu, ba a tauna cingam, ba a magana kai a sunkuye. Yara dai yara ne, sun gwada ta. Wani ya bari ta juya tana rubutu a allo ya yi kukan akuya, aji ya fashe da dariya, ta juyo ta dubi wanda ya fi kowa kame fuska ta ce ya fito. Wata ta raɗa wa ƙawarta zagi daga bencin baya, Madam ta maimaita mata shi kalma-kalma, ta ƙara da cewa za ta kai wa uwarta shi har kasuwa. Daga nan aka shiga taitayi. Kowane darasi da abu ɗaya yake farawa, ta buga tebur ta nuna leɓenta ta ce, "Kalli bakina!" Sunan ya bi ta har gida. Ƙarshen shekara ya zo ya wuce, Fondatar bai sake tayar da zancen ɗakin littattafai ba, ita ma ba ta tuna masa ba. Shekaru suka tafi a haka. A cikinsu Alfa ya rasu, ta je Sokode ta yi zaman makoki ta dawo bakin aikinta.

Sai korona ta zo.

Aka rufe makarantu, kowa ya zauna gida. Da damina ta kawo kai aka ce 'yan ajin jarrabawa su koma, amma da sharaɗi: kowa da takunkumi, wanda a can ake kira kashne, daga hanci har haɓa. Salamata ta ji labarin, ta ɗinka nata wurin Latif, ba ta kawo komai a ranta ba. Sai da ta shiga aji ta buga tebur ta ce "Kalli bakina!" sannan ta tuna nata bakin a rufe yake. Ta dubi yara. Ido kawai, ido ko'ina, ƙarƙashinsu atamfa kala-kala. Ta rubuta kalma ta nuna wata yarinya ta karanta. Ƙyallen fuskar yarinyar ya ɗan motsa. Daidai ta faɗa? Kuskure ta yi? Zagi ne ma? Wallahi Salamata ba ta sani ba. Wannan ce ranar da ta zama kurma da gaske, kuma tsoro ya kama ta irin wanda ko a gadon asibiti ba ta ji ba.

Latif, bawan Allah, ya ce a bar masa. Ya yanka farar leda mai kauri ya ɗinka wa kowane takunkumi taga a daidai baki, ya ba da kyauta. Yara suka sa suna ta dariyar juna. Ba a je ko'ina ba numfashi ya turare ledar fari fat, gumi na tsiyaya ta ƙasa, baki ya sake ɓacewa. Aka kwashe su aka zuba a kwali.

Washegari ta zo da bokitin toka. Ta fita da yaran bayan azuzuwa inda iska ke kaɗawa, ta zana wa kowa da'ira da toka, nesa-nesa da juna, yadda ko ka miƙa sanda ba za ka taɓa na kusa da kai ba. Ta ce kowa ya tsaya a tasa ya sauke takunkumi. Bakuna suka bayyana. Sai da ta ja numfashi kafin ta iya fara darasi, don daɗin da ta ji.

Ba a yi nisa ba sai ga Fondatar a guje, tumbinsa na gaba, takunkumi har biyu a fuskarsa. Ya tsaya yana ta faɗa, hannuwa na yawo a sama, ƙyalle na shiga yana fita. Ta tsaya tana kallon sa.

"Ban ga abin da kake cewa ba. Sauke mana."

Ina! Ya ja da baya kamar ta ce ya taɓa wuta. Ya zaro waya ya yi ta dannawa, ya miƙo mata ita daga nesa ta karanta. In sufeto ya shigo ya ga yara baki buɗe a cikin harabar nan, rufe makarantar za a yi. Doka ba ta ce sai a cikin aji ba. Ta ce masa ga iska, ga tazara, ga ruwa da sabulu, wa aka cuta? Ya sake dannawa. Daga gobe Kamal zai karɓi ajin, wani saurayin malami da bai daɗe da zuwa ba. Ita kuma akwai aiki a bakin ƙofa: ta riƙe na'urar auna zafin jiki tana ɗora wa masu shigowa a goshi, tana nuna musu bokitin wanke hannu. Har sai an gama annoba, in ji wayar.

Auna goshi! 'Yar Alfa Abdulƙadiri! Ta karanta har sau biyu don kada ta zalunce shi. Sannan ta ɗauki bokitin tokarta.

"Goshinsu lafiya lau yake, Fondatar. Bakinsu ne ke bukata ta. Ka nemi mai auna maka."

Ta fita ta ƙofar da aka ce ta tsare. A gida ta yi kuka, ba a ɓoye ba, Khairiya na zaune na kallon ta. Latif ya durƙusa gabanta ya ce ta yi haƙuri, 'yan watanni ne, shago zai riƙe su. Ta ce ba riƙo ne damuwarta ba. Yaran nan tun suna ƙanana take gyara musu baki, jarrabawa ta ƙarato, kuma ta san Fondatar: ajin da ya fita hannunta da sunan 'yan watanni ba zai dawo ba. Zai saba da malami mai kunne, iyaye su saba, shi ke nan a mayar da ita ɗakin littattafai tana kaɗe ƙura.

Daura da makarantar, tsallaken titi, akwai filin ƙwallon unguwa, ba kowa a cikinsa tunda an hana wasa. Filin ba na Fondatar ba ne, ba kuma harabar makaranta ba ne. Salamata ta je ta gaida mai unguwa ta faɗa masa bukatarta, ya ce ciyawa ma na neman cinye filin, ta je ta yi. Ranar Litinin da aka tashi daga makaranta, yara suka fito suka gan ta tsaye a bakin raga, ga da'irorin toka a jere, ga buhun auduga. Ba ta kira kowa ba. Tebur ma babu, sai ta buga bokiti. Suka tsallako da kansu, 'ya'yan Zongo da 'ya'yan ƙabilar Moba, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci. Ta raba su kashi-kashi, kaɗan-kaɗan, wasu su gama su tafi wasu su shigo, don kada wani jandarma ya ce ta tara taro. Tagar ofishin Fondatar kuwa filin take kallo, kuma tun daga ranar labulenta bai sake buɗewa ba.

Kada a ɗauki alhakin Kamal, yaron kirki ne kuma ya iya aikinsa. Yana kunna musu kalmomi a waya su saurara su maimaita. Sai dai a bayan ƙyalle, a aji cike, shi mai kunnen ma bai san wa ya ce jirgi wa ya ce tunkiya ba. Da kansa yake ce musu in an tashi su tsallaka wurin Madam.

Damina ce ta so ta karya ta. Ruwa ya wanke toka, ta sake zubawa. Ya jiƙa auduga, ta koma sa su su ɗora bayan hannu a gaban baki su ji iskar da kansu. Takalminta ya tsinke a taɓo, ta ci gaba ba takalmi. Latif ya ce, "Maman Khairiya, za ki kashe kanki." Ta ce ai an riga an gwada, ba ta mutu ba. Amma iyaye suka fara ganin yara na dawowa jiƙe sharkaf, kuma ba wurinta suka kai ƙara ba, wurin Fondatar suka kai. Suka ce ga rumfar taro can a makaranta, rufi a sama, gefe duk a buɗe iska na ratsawa, an bar ta awaki na fakewa, 'ya'yansu na shan ruwa a fili. Wannan wane irin lissafi ne? Mutumin da ke tsoron sufeto da iyaye, yau an sa shi a tsakiya.

Wata Laraba da la'asar, ana yayyafi, Salamata na tsakiyar *walk* da *work*, tafiya da aiki, sai ta ga idon yaran duk ya koma bayanta. Ta juya. Fondatar ne ya tsallako titi da lema, yana ɗaga ƙafar wando. Ya tsaya ya fara magana. Ƙyalle ya motsa.

"Ban gani ba," in ji ta.

Ya laluba aljihu ya zaro waya ya fara dannawa. Salamata ta harɗe hannu a ƙirji ta ɗaga kai sama.

"Mayar da ita. Na gama karanta waya. Ga da'ira can ba kowa, nesa take da kowa. In kana da magana da ni, tsaya a ciki ka sauke, kamar yadda yaran nan ke yi."

Ya dubi da'irar, ya dubi yara, ya waiga titi ko motar sufeto na tafe. Ruwa na ɗiga daga bakin lemarsa. Ta ɗauka juyawa zai yi. Sai ya taka a hankali ya shiga cikin tokar, ya sa hannu ya sauke na farko, ya sauke na biyu. Rabon da ta ga bakin nan tun kafin a rufe makarantu. Ya rame, furfura ta cika masa haɓa. Ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda yaran ba za su ji ba, ya manta ita ƙasa da sama duk ɗaya ne a wurinta.

"Madam, tsoro nake ji. Yayana ya rasu a Lome da cutar nan, ko jana'iza ba a bar mu mun je ba. Makarantar nan ita kaɗai gare ni."

Ba ta san da rasuwar ba, ba wanda ya faɗa mata, ko kuma an faɗa a bayan ƙyalle. Tausayinsa ya kama ta, ba ta ɓoye ba.

"Allah ya ba ka haƙuri. Wannan na gani. Ni ma tsoron nake ji tun ranar da aka rufe bakunan nan, kuma ajin nan shi kaɗai gare ni. Sai me kuma ka zo da shi?"

Ya nuna tsallaken titi. "Ku koma rumfa. Ki zuba tokarki a can. In sufeto ya zo, ni zan tsaya in yi bayani." Ya dube ta. "Ajin naki ne."

Salamata ta dubi yaranta, tsaye cikin yayyafi, kowa a da'irarsa, sun miƙa wuya ba su ji komai ba. A gabansu aka karɓe mata ajin. Ta juyo ta buga bokiti.

"Ni na gani, Fondatar. Su ba su ji ba. Ɗaga murya."

Ya ɗaga kuwa. Ba ta ji ba, amma ta ga jijiyar wuyansa ta tashi, ta ga bakunan yaran sun wage gaba ɗaya suna tsalle a cikin toka. Ta bar su suka yi mai isar su, sannan ta nuna wani a layin baya ta ce bai gama ba, har yanzu tafiya yake cewa a wurin aiki, ya sake.